Ƙauyen Da Ya Zubar Da Giyarsa

 

A wannan fitowa za mu yi doguwar tafiya, mu ƙetare teku zuwa ƙasar Kanada, domin mu leƙa wani ɗan ƙauye mai mutane kimanin 400, wanda giya ta kusa shafe shi daga doron ƙasa, amma ya miƙe da ƙafafunsa cikin shekara goma sha wani abu, har al'ummomi masu yawa suka riƙa zuwa ɗaukar darasi a wurinsa. Mutanen wannan ƙauye harshensu daban, addininsu daban, ƙasarsu ta sanyi da dazuzzuka kuwa ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo labarinsu shi ne, tambayar da suka fuskanta ita ce ke hana iyaye da yawa barci: idan shaye-shaye ya kama ɗa, ko miji, ko unguwa sukutum, ta ina ake kamo bakin zaren? Amsar da suka samu bayan sun sha baƙar wuya ita ce, mashayi ba ya warkewa shi kaɗai matuƙar gidansa da garinsu suna nan yadda ya bar su, kuma maganin da ya karɓi jikinsu shi ne wanda suka haɗa da hannunsu, daga harshensu da dattawansu da tarbiyyar kakanninsu.

Yadda bango ya tsage

Kafin zuwan Turawa, akwai ɗaruruwan al'ummomi a nahiyar Amurka ta Arewa, kowace da harshenta da shugabancinta. Su ne aka laƙaba wa sunan Indiyawa bisa kuskure, saboda Kolombos ya zaci ƙasar Indiya ya isa a shekarar 1492. A Kanada ana kiran galibinsu Al'ummomin Farko, mu kuwa a nan za mu ce musu ƴan asalin ƙasa. Waɗannan mutane ba su san barasa mai ƙarfi ba sai da fatake Turawa suka zo da ita cikin ganguna, suna musayar ta da fatun namun daji. Tun da wuri kuma aka sami masu tsayuwa a gabanta daga cikinsu. A shekarar 1799 wani mutumin ƙabilar Saneka da Turawa ke kira Handsome Lake, wanda giya ta kwantar da shi har aka fitar da rai da shi, ya tashi daga jinya ya shiga yi wa mutanensa gargaɗi su rabu da barasa su koma ga noma da riƙon iyali. Har bayan rasuwarsa a 1815 mabiyansa suka ci gaba da karantar da koyarwarsa.

Sai dai abin da ya biyo baya ya fi barasar fatake muni. A 1876 gwamnatin Kanada ta kafa dokar da ta mayar da ƴan asalin ƙasa tamkar marayu a hannun hukuma, aka tsare su a keɓaɓɓun filaye, daga baya aka haramta manyan bukukuwansu, haramcin da bai ɗagu ba sai a 1951. Babbar masifar ita ce makarantun kwana da gwamnati ke biya, coci-coci ke gudanarwa. Yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu, sau da yawa da ƙarfin doka, aka aske musu gashi, aka sauya musu suna, ana dukan duk wanda aka ji yana magana da harshen uwarsa. Ta ƙarshe a hannun gwamnatin tarayya ba a rufe ta ba sai a 1996. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta kammala aikinta a 2015 ta tattara sunaye da bayanan yara fiye da 3,000 da suka mutu a waɗannan makarantu, ta kuma kira abin da aka yi kisan ƙare dangi na al'ada.

Mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi a cikin gida. Yaro ya tafi yana ɗan shekara shida, ya dawo saurayi ba ya jin abin da kakarsa ke faɗa, yana ƙyamar iyayensa domin an koya masa cewa su jahilai ne. Bai taɓa ganin yadda uba ke riƙe iyali ba, abin da ya sani shi ne bulala da yunwa, wasu kuma har da lalata da waɗanda aka ba amanarsu suka yi musu. Shi ne zai yi aure ya haifi nasa ƴaƴan. Iyayen da aka ƙwace wa yara su ma sun zauna a ƙauyukan da babu kukan yaro. Wata malamar jami'a ƴar ƙabilar Lakota, Maria Yellow Horse Brave Heart, ita ta yi fice wajen bayyana wannan hali da cewa rauni ne na tarihi, wanda ake gadon sa daga kaka zuwa jika muddin ba a yi jinyarsa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Giya ƙadangare ce a wannan labari.

An daɗe ana yaɗa cewa jinin waɗannan mutane ne ba ya jure barasa, wai halittarsu ce haka. Wani bincike da masana na Jami'ar Arizona suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na ƴan asalin ƙasar Amurka ba su taɓa giya ba a watan da ya gabaci tambayar, alhali a cikin farar fata kashi 43 ne. Masu yawan sha kuwa adadinsu ya yi kusa da juna a ɓangarorin biyu. Duk da haka mutuwar da giya ke jawowa ta fi yawa a cikin ƴan asalin ƙasa, inda talauci da nisan asibiti suka taru a kansu. Haramcin da hukuma ta ɗora musu daga waje ma bai tsinana komai ba. Shekaru masu yawa dokar Kanada tana hukunta ɗan asalin ƙasa in an same shi da giya, abin da ya koya wa mutane saye a ɓoye da kwankwaɗa cikin gaggawa kafin ɗan sanda ya iso.

Daga Tafkin Kanwa zuwa Tafkin Giya

Ƙauyen da muke magana a kai yana lardin Biritish Kolombiya, a yammacin Kanada, kimanin kilomita 50 kudu da garin Williams Lake. Mazaunansa ƴan ƙabilar Shuswaf ne. Turawa na kiran sa Alkali Lake, sunan da ba shi da alaƙa da alƙalin kotu: ya samo asali ne daga wani farin gishiri mai kama da kanwa da ke fitowa kusa da tafkin wurin, don haka in mun ce Tafkin Kanwa ba mu yi nisa ba. Yaran ƙauyen zuriya bayan zuriya an kai su makarantar kwana ta mishan da ke kusa, wadda ta yi aiki daga 1891 zuwa 1981. Zuwa shekarun 1960 kusan duk baligin da ke garin mashayi ne, har maƙwabta suka juya sunan suna ce masa Tafkin Giya.

A shekarar 1972 wata mata mai suna Phyllis Chelsea ta je ɗauko ƴarta mai shekara bakwai daga wurin kakarta bayan kwanakin shaye-shaye. Yarinyar ta ƙi bin ta, ta ce ba za ta koma gida ba domin uwa da uba sun cika shan giya. Matar ta koma gida ta tuttular da duk giyar da ke ɗakin. Bayan ƴan kwanaki mijinta Andy Chelsea ya bi sahunta. Su biyu ke nan a gari guda, abokan jiya suka ƙaurace musu, ana yi musu ba'a. Suka nemi taimakon wani ma'aikacin jinyar mashaya daga Williams Lake, ya riƙa zuwa yana buɗe zaman ƙungiyar mashaya masu taimakon juna, wadda aka sani da AA, aka kafa ta a Amurka a 1935. An yi dogon lokaci ana shirya kujeru ba mai zuwa sai su kaɗai. Shekara ta zagayo, waɗanda suka daina sha ba su kai goma sha biyu ba.

Ba da daɗewa ba aka zaɓi Andy Chelsea maigari, sai aikin ya tashi daga ɗaki guda ya koma na gari. Ya hana motar hayar da ke kawo giya sau da yawa a mako shiga ƙauyen. Ya haɗa kai da ƴan sanda aka yi wa masu sayar da giya a ɓoye tarko da takardun kuɗi masu alama, cikin waɗanda tarkon ya kama har da mahaifiyarsa. Kuɗin tallafi da gwamnati ke ba mabuƙata, waɗanda a da ke ƙarewa a shagon barasa tun ranar da aka karɓa, aka mayar da su takardar karɓar abinci da sutura ga duk wanda aka san yana sha. Wanda ya yi laifi cikin maye aka ba shi zaɓi, ko gidan jinya ko gaban alƙali. An zage shi, an yi masa barazana, dangi sun ɓata da dangi.

Da a nan aka tsaya, da labarin bai wuce na maigari mai zafin hannu ba. Abin da ya bambanta Tafkin Kanwa shi ne abin da aka yi wa wanda ya yarda ya tafi jinya. Yana can, maƙwabta na riƙe masa ƴaƴa, wasu na share masa gida, su gyara abin da ya lalace, su yi fenti. Ranar da zai dawo ya tarar da ɗaki mai tsabta da mutane masu marhabin da shi. Aka buɗe hanyoyin sana'a kamar yankan katako da kiwo da kanti, domin mai dawowa ya sami abin da zai tashi da safe dominsa. Suka karɓi ragamar makarantar yaransu, aka shiga koyar da harshen Shuswaf a aji. Da suka waiwaya neman al'adunsu suka tarar da yawa sun ɓace tare da tsofaffin da suka san su, sai suka gayyato dattawa daga wasu ƙabilu suka taimaka musu wajen farfaɗo da abin da ya saura. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suna ƙiyasta cewa kashi 95 cikin ɗari na manyansu sun bar giya. A wannan lokaci ne suka yi fim mai suna The Honour of All, inda mazauna ƙauyen suka fito da fuskokinsu suka kwaikwayi rayuwarsu ta da, ba tare da ɓoye abin kunya ba. Fim ɗin ya zagaya ƙauyukan ƴan asalin ƙasa a Kanada da Amurka, har ya kai Ostireliya.

Sai kuma wani abu ya faru da ba su zata ba. Da maye ya washe, sai abin da ake binnewa da giya ya taso. Maza da mata suka fara faɗin irin lalatar da aka yi musu suna yara, a makarantar mishan da kuma cikin gidajensu, aka kai wasu malaman makarantar gaban shari'a. Garin ya gane cewa barin kwalba somin taɓi ne, aikin jinyar zukata yana gaba. Matasan da suka taso daga baya su ma sun zo da nasu jarrabawar, da giya da ƙwayoyi, abin da ya nuna cewa kowace zuriya sai ta yi nata yaƙin.

Al'ada a matsayin magani

A daidai wannan zamani ƴan asalin ƙasa suka fara buɗe gidajen jinya nasu na kansu. A 1973 aka kafa Poundmaker's Lodge a lardin Alberta, wanda daga baya ya zauna a filin wata tsohuwar makarantar kwana, wato wurin da aka raba yara da harshensu ya zama wurin da jikokinsu ke neman lafiya. A 1979 aka buɗe na Round Lake a Biritish Kolombiya, takensa kuwa shi ne al'ada ita ce magani. Gwamnatin Kanada ta mayar da tallafin irin waɗannan gidaje shiri na dindindin a 1982.

To, me ake yi a ciki? Akwai likita da mai ba da shawara kamar kowane gidan jinya, amma akwai dattijo ko dattijuwa da ke zaune tare da majinyata, ana girmama su kamar yadda ake girmama likitan. Akwai zaman da'ira, inda kowa ke zama a ƙasa ko a kujera daidai da ɗan uwansa, ana miƙa gashin gaggafa ko ɗan sanda na icce daga hannu zuwa hannu. Mai riƙe da shi kaɗai ke magana, ba a katse shi, ba a yi masa gardama, kuma abin da aka faɗa a da'ira a nan yake tsayawa. Akwai bukkar gumi, wadda ake ginawa da tsumagu a lulluɓe ta da barguna kamar ƙwarya a kife, a shigo da duwatsun da aka gasa a wuta a riƙa zuba musu ruwa, wani irin sirace na taro da suke haɗawa da addu'o'insu da waƙoƙinsu. Akwai fita daji domin farauta da su da tsinkar ganyayen magani. Majinyaci yakan koyi sunan zuriyarsa da ƴan kalmomin harshensa, wani ma a nan zai fara jin cewa asalinsa ba abin kunya ba ne.

Waɗannan ibadu nasu ne, ba kuma muna kiran kowa ya ara ba. Abin lura shi ne aikin da suke yi wa mai jinya: suna ba shi dangi, da matsayi a cikin dangin, da wajibin da zai sauke, da dalilin da zai sa ya ga ransa ya fi ƙarfin kwalba.

A Amurka, wani ɗan ƙabilar Mohikan mai suna Don Coyhis, wanda shi ma ya yi fama da giya, ya kafa ƙungiyar White Bison a 1988. Ya ɗauki matakai 12 na ƙungiyar AA ya sake zuba su cikin koyarwar dattawansu. Yana da wani misali da ya shahara. Ya ce a ɗauka daji ne ya kamu da cuta, sai aka tumɓuke itaciya guda aka kai ta lambu, aka ba ta taki da ruwa har ta yi kore shar, sannan aka mayar da ita raminta na da. Ba makawa za ta sake kamuwa, tun da cutar tana cikin ƙasar. A wurinsa ƙasar nan ita ce fushi da kunya da tsoro da suka taru a al'umma, saboda haka dajin ne gaba ɗaya ke buƙatar jinya.

Akwai binciken da ya ƙarfafa wannan fahimta, ko da yake a kan kisan kai na matasa aka yi shi, masifar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shaye-shaye a waɗannan ƙauyuka. A 1998 masana biyu, Michael Chandler da Christopher Lalonde, suka duba al'ummomin ƴan asalin ƙasa kusan 200 a Biritish Kolombiya. Suka tarar fiye da rabinsu ba a sami matashi ko ɗaya da ya kashe kansa ba a shekarun da aka duba, wasu kuwa abin ya yi musu katutu. Da suka bi diddigi sai suka ga al'ummar da ke riƙe da mulkin kanta, da makarantarta, da harkar lafiyarta, da wurin raya al'adunta, da fafutukar ƙasar kakanninta, ita ce matasanta suka fi tsira.

Tsohuwa da masu shaƙar fetur

Irin wannan ya faru a tsakiyar hamadar Ostireliya, inda ƴan asalin ƙasar su ma suka sha ƙwacen ƙasa da ƙwacen yara. A farkon shekarun 1990 garin Yuwendumu na ƙabilar Walpiri, kimanin kilomita 300 daga Alice Springs, ya wayi gari da matasa wajen 70 masu shaƙar man fetur a gwangwani, irin yadda wasu yaranmu ke shaƙar sholisho. A 1994 dattawan garin, cikinsu har da wata tsohuwa mai suna Peggy Brown, suka fara kwashe yaran da yardar iyayensu zuwa wani sansani da ake kira Mount Theo, mai nisan kilomita 160 a cikin daji, inda babu fetur, babu hanyar gudu. A can yaro zai yi makonni yana farauta, yana jin tarihin ƙasar kakanninsa, yana cin abinci daga hannun tsohuwar da ke kiran sa jika. A shekarun farko ba su da kuɗin gwamnati, da abin hannunsu da gudummawar gari suka riƙe sansanin. A cikin gari kuma aka shirya wa sauran matasa wasanni da ayyuka, domin mai dawowa kada ya tarar da zaman banza na jiran sa. Cikin ƴan shekaru shaƙar fetur ta kusa ƙarewa a garin. Daga 2005 aka fara sayar da wani man fetur mai suna Opal, wanda ba ya bugarwa, a yankunan hamadar, ya taimaka wa sauran garuruwa ƙwarai.

Likita bai fita daga lissafi ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa dattijo ya kori likita. Da ƙwayoyin kashe zafin ciwo masu bugarwa suka mamaye ƙauyukan arewacin lardin Ontariyo, har shugabanninsu suka ayyana dokar ta-ɓaci a 2009, an ga cewa nasiha da zaman da'ira kaɗai ba sa kwantar da azabar da jiki ke shiga idan aka yanke ƙwaya. A 2012 al'ummar North Caribou Lake ta buɗe shiri a cikin garinta, inda ake ba majinyaci wani maganin likita mai suna bufrenofin, wanda ke kashe ƙishirwar ƙwaya ba tare da ya jefa mutum cikin maye ba, a haɗa masa da shawarar dattawa da fita daji. Rahoton da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan shekara guda tuhumce-tuhumcen ƴan sanda sun ragu da kashi 61 cikin ɗari, ƙarar yaran da ake neman karɓewa daga iyayensu ta ragu da kashi 58, zuwan yara makaranta ya ƙaru da kashi 33. Maganin daga asibiti ya fito, amma mutanen gari ne suka riƙe shirin, a ƙofar gidansu, cikin harshensu.

Abin da ya shafe mu

Ƙwayoyin da suka addabi arewacin Ontariyo dangi ɗaya ne da tramol da kodin da suka cika kasuwanninmu. Binciken da gwamnatin Najeriya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da aka duba, ban da giya da taba, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin waɗannan ƙwayoyi ne. Iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ba ta tare ƙwaya. A watan Satumba na 2019 kuma ƴan sanda suka buɗe wani gida a Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, aka sake samun irinsa a wasu garuruwa makonni kaɗan bayan haka. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, domin sun rasa yadda za su yi. Wanda ya karanta tarihin makarantun kwana na Kanada ya san abin da duka da wulaƙanci ke shukawa a zuciyar yaro, ya kuma san da me yaron zai nemi kashe wannan zafi in ya fito.

Tsagewar bangonmu ba irin tasu ba ce. Mu ba a ƙwace mana harshe ba, dattawanmu na nan, zumunci bai mutu ba, wato abin da mutanen Tafkin Kanwa suka yi ta tonowa daga toka mu yana hannunmu. Namu ƙadangaren ta wasu kafofi yake shiga: zaman kashe wando, aikin ƙarfi da ke sa lebura da ɗan kabu-kabu da mai haƙar zinariya neman abin da zai kashe gajiya, mutuwar aure da ke barin yara ba mai tsawatarwa, da yaron da aka nisanta da iyayensa tun yana ƙarami, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kowace unguwa ita za ta duba nata.

Duk da wannan bambanci, akwai abubuwan da za mu iya ɗauka. Na farko, gida ɗaya ya isa a fara, kuma rashin mabiya a shekarar farko ba alamar faɗuwa ba ce. Na biyu, mai sayar da ƙwaya a bakin kasuwa ɗan wani ne, ƙanen wani ne, kuma unguwar da ke kau da kai saboda kunyar danginsa ta zaɓi ta ba da ƴaƴanta. Na uku, wanda aka san ƙwaya ta kama shi a ba shi abinci da sutura da kayan sana'a a hannu maimakon tsabar kuɗi, ba tare da an kore shi daga gida ba. Na huɗu, wanda ya daɗe yana shan tramol kada a ɗaure shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya, domin jikinsa na iya shiga mawuyacin hali. A kai shi wurin likita, dangi su raka shi, su kuma ci gaba da zuwa. Na biyar, fadar da samari ke zaman shayi a cikinta tana iya zama da'irar saurare, in aka sami babba mai haƙuri da riƙon sirri wanda zai zauna ya ji kafin ya yi faɗa.

Mafi wuya a cikinsu shi ne ranar dawowa. Saurayin da ya yi wata uku yana jinya, ya dawo ya tarar ana kiran sa ɗan ƙwaya, ba mai ɗaukar sa aiki, ba mai ba shi ƴa, ƙannensa na ɓoye kuɗi in ya shigo, to waɗanda za su yi masa maraba da fara'a su ne abokan shansa na da, kuma wurinsu zai koma. Mutanen Tafkin Kanwa fenti suka saya suka shafe ɗakin ɗan uwansu kafin ya iso. A wurinmu wannan na iya zama sabuwar tabarma, da gurbi a shagon kawu ko a gonar baffa, da kiran sa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayen da ke cikin wannan jarrabawa haƙuri da mataimaka. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.